Kujerar Tambaya ta Samaru

Tafiyar nan an yi ta ne shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kajina suka koma akurki suna zaton magariba ce. Kafin husufin da 'yan kwanaki gwamnati ta tsare mu a gida saboda ƙidaya, aka shafa mana tawada a farce. To, tawadar ba ta gama fita ba, ruwan farko ya sauka, muka tafi. Mai son lissafin boko sai ya je ya lissafa.

Tun da na dawo matan zumunta ba su bar ni na huta ba. A coci tambaya, a famfo tambaya, a gidan biki tambaya: "Laraba, wai da gaske kin shiga jami'a?" Na faɗa har bakina ya gaji, kuma na lura duk wadda ta ɗauka sai ta ƙara nata gishirin. Har na ji an ce wai rawa na yi da wando. Shi ya sa na zaunar da jikata Rahila da biro, na ce ta rubuta yadda na faɗa. Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa buɗe baki na rasa mai saurare ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Laraba mai ƙosai, ta gindin mangwaro a Jushi. Shekara arba'in ina suya a wurin. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran ƙosaina ya ji labarina na ranar da wata 'yar Ibo, Maman Emeka, ta zo da murhunta za ta ƙwace mini wurin suya. Na ci ɗamara, na yi mata tas, na kifar da ƙullunta a kwata, unguwa ta yi mini guɗa. Ina ba da shi da muryata da tata da ta 'yan kallo, har mutane su manta ƙosansu yana hucewa.

Rahila a lokacin tana ajin ƙarshe a wata sakandare a Sabon Gari, tana cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo. Ita ta kwashi labarin nan ta kai wa malamarsu, Malama Hannatu, suka mai da shi wasa. Rahila ce ni, wata yarinya siririya mai suna Nkechi ce Maman Emeka. Ana nan sai takarda ta zo daga 'yan wasan jami'a a Samaru: makarantu bakwai za su zo ranar Alhamis su kalli wasan manya, Juma'a a koya musu, Asabar kuma uku kaɗai za su hau dandalin gaske a gaban jama'a. Rahila ta daina cin abincin kirki. Shekara uku tana wasa a tsakar makaranta, awaki na ratsawa ta gabansu, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe. Ko ta hau ranar Asabar, ko ba za ta taɓa hawa ba.

Iyaye suka ce 'ya'yansu mata ba za su kwana a waje ba sai da babba. Malama Hannatu ta zo har gindin mangwaro ta durƙusa ta ce, "Mama, ki taimake mu." Na ja aji kaɗan, sannan na yarda. Gaskiyar magana ba gadin kowa ya kai ni ba. So nake in zauna in ga Samaru tana tafa mini.

Kada wani ya yi mini dariya wai Samaru ba tafiya ba ce. Na sha zuwa kasuwarta, na sha zuwa jana'iza a Hayin Dogo. Amma katangar nan ta jami'a, tun ina amarya nake wuce ta ban taɓa leƙa abin da ke bayanta ba. In wannan ba wata ƙasa ba ce, ban san wata ƙasa ba.

Makaranta ta ɗauki shatar bas. Yara goma sha ɗaya, Malama, ni, da kayan wasa: murhun kwali, kaskon kwali, da wani reshe da suka ce shi ne mangwarona. Ba mu bar kasuwa ba kwandasta ya rataya a ƙofa ya fara ihu, "Samaru! Samaru! Mutum ɗaya!" Malama ta ce, "Kai, shata fa muka ɗauka." Ya ce, "Anti, bakina ne ya saba." Bakin nasa ya ci gaba da sabawa har ya cusa mana wani mutum da zakaru biyu. A Kwangila motar ta yi tari sau uku ta mutu. 'Yan matan suka sauka turi da fararen safa. Ni ban sauka ba. Direba ya ce, "Iya, da kin rage mana nauyi." Na ce, "Ɗan nan, nauyina ne ya hana motarka tarwatsewa tun daga Jushi."

A ƙofar jami'a aka tsai da mu. Nan ne iyaka, da sandar ƙarfe a gicciye da masu kaki. Wani mai gashin baki ya shigo da takarda yana kiran suna, kowa na amsawa. Ya gama ya dube ni.

"Mama, ke fa? Ina katin shaida?"

Na miƙa masa babban yatsana na ce, "Ga shi. Gwamnati da kanta ta ƙirga ni, duba farcen."

Ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya ya ce, "To, ɗaliba zan rubuta ko malama?"

Malama Hannatu ta ce, "Rubuta mai labari. Wasan nata ne."

Ya gyara tsayuwa ya rubuta, ya ba ni biro in sa hannu. Na ce ya shafa mini a yatsa in dangwala. Haka aka yi. Mai zakaru kuwa aka sauke shi a nan, don shi ba shi da wasa.

Ciki gari ne guda, amma gari marar tsofaffi. Kowa yaro, kowa sauri, kowa da littafi a hammata. Hausarsu rabi da rabi ce, su fara magana da tamu su ƙarasa da ta Bature, kamar mai cin tuwo da cokali. Na gai da 'yan mata uku, ɗaya ce ta rusuna, ita ma ashe takalminta ne ya kwance.

Masauki ba a ciki aka ba mu ba. Ajin wata firamare ta coci ne a cikin Samaru, an jera katifu a ƙasa. Katifar da aka ba ni, da na kwanta sai na ji siminti yana gaishe ni. Na naɗe ta na yi matashi, na shimfiɗa zanena. Abinci kuwa shinkafa ce a 'yar farar roba, da cokalin da ya karye tun a loma ta biyu, da nama guda wanda sai an yi bincike. Da safe aka kawo ƙosai daga bakin titi. Na ɗauki ɗaya na matsa, mai ya biyo hannuna har gwiwa. Ba a buga ƙullun ba, an dai razana shi ne. Na ci huɗu don kada a ce na raina baƙunta.

Da la'asar ɗin Alhamis aka kai mu gidan wasa. Ina ta zuba ido in ga bene mai gilashi, sai ga mu a gaban ɗakunan laka masu jinka, an kewaye fili da su, wurin zama hawa-hawa. Na ce wa Malama, "Wato duk karatun nan da suka yi, ƙarshensa gidan ubana suka dawo?" Ta ce in yi a hankali.

Wasan manya da Turanci aka yi shi, sai waƙoƙin da Hausa. Ban ji maganar ba amma na gane komai: wani mutum ne ya sayar da gonar gado bai gaya wa 'yan'uwansa ba. Irin wannan ba ya bukatar tafinta. Yaranmu kuwa baki buɗe. Sun saba da kaset a talabijin, ba su taɓa ganin mutum yana gumi a gabansu ba, yana raɗa amma na can baya yana ji. Rahila ta riƙe hannuna har ya yi tsami.

Sai wata ta fito a matsayin mai ƙosai a tasha. Babu wuta, babu mai, da hannu kawai take nunawa. Ta ɗebo ƙullun iska ta sako shi daga can sama kamar mai jefa guga a rijiya. Ban san lokacin da na ce, "Ke! Za ki ƙone! Sauke hannun!" ba. Gidan ya ɗauki dariya. Yarinyar ba ta ko kalle ni ba, amma ta yi tsalle baya tana yarfe hannu kamar man ya fallatso mata, sannan ta sauke hannun ta ci gaba. Aka tafa. Rahila ta nutse a wurin zama tana cewa, "Kaka, don Allah." Na ce, "Don Allah me? Ceton rai na yi."

Da aka tashi wani dogon mutum ya zo ya durƙusa a gabana. Ba takalmi a ƙafarsa, gashin kansa a murɗe kamar igiyar rama. Na ɗauka mai neman taimako ne, har na fara laluben bakin zane. Ashe shi ne babban mai koyar da su, Malam Bulus. Ya ce, "Mama, wata biyu muna gwajin wasan nan, babu wanda ya ga abin da kika gani." Na ce, "Ai ba ku tambaya ba ne."

Juma'a tun da sassafe aka fara koyo. Na zauna a kan benci ina kallon abin mamaki. Aka ce su kwanta a ƙasa su yi numfashi, kamar akwai wanda ya zo duniya bai iya ba. Aka ce su yi kukan zuma. Aka ce su kaɗa leɓe kamar doki. Aka sa su biyu-biyu, ɗaya ya faɗi ta baya ɗaya ya tare. Wani yaro ɗan wata makaranta ya tsaya kallon Rahila, abokinsa ya sha ƙasa. A unguwarmu in aka ga yara arba'in suna haka, fasto ake kira da liman a lokaci guda. Amma zan faɗi gaskiya: kafin azahar Nkechi, wadda ko gaisuwarta ba a ji, ta tsaya a tsakiyar fili ta kira suna, na ji ta daga ƙofa. Wata 'yar wasa ce ta ɗora mata hannu a ciki ta ce daga nan murya take fitowa, ba daga maƙogwaro ba. Ni na san haka tun ina tallar ƙosai, sai dai ban taɓa sanin ana koyar da shi ba.

Bayan azahar kowace makaranta ta nuna nata. Namu ne na biyar. Rahila ta fito da ɗaurin ɗankwalina, da tafiyata, har da yadda nake tura goro gefen kunci. Ta ɗan ƙara wa tafiyar gishiri, amma na yafe. Nkechi ta shigo da murhu, aka yi mata tas, aka kifar da ƙullu, ta fita da gudu. Aka yi dariya sosai. Na gyara zama ina jiran yabo.

Malam Bulus ya jawo wata kujerar katako ya ajiye a tsakiyar fili. Ya ce wannan ita ce kujerar tambaya: duk wanda ya zauna a kai ya daina zama kansa, ya zama wanda yake kwaikwaya, kuma dole ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Rahila ta zauna. Aka tambaye ta me take ci, wa take tsoro, ƙarfe nawa take tashi. Ta amsa tsaf da muryata, har da, "Tsoro? Ni?" Aka yi shewa.

Sai Nkechi ta zauna.

"Sunanki?"

"Maman Emeka."

"'Ya'yanki nawa?"

Shiru.

"Daga ina kika fito ranar nan da safe?"

Shiru.

"Duk faɗin Sabon Gari, ga inuwa ko'ina. Me ya sa sai gindin wannan mangwaron?"

Nkechi ta dubi Malama, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ba a rubuta ba, sa."

Ya ce, "Ba laifinki ba ne. Ba mutum aka ba ki ba, buhu aka ba ki, aka rataye don a daka." Ya juya wajen Malama. "Wasanku da ƙafa ɗaya yake tafiya. Yana ban dariya, amma a haka ba zan iya sa shi gobe ba. Ƙarfe biyar zan kira sunaye. In kun samo mini matar nan kafin lokacin, zan sake kallo."

Muka koma bayan wani ɗakin laka. Rahila idonta ya yi ja. Ta ce, "Kaka, ke kaɗai kika san ta. Me ya kawo ta wurin?"

Na ce, "Ina na sani? Neman fitina."

"'Ya'yanta nawa?"

"Ni ungozomarta ce?"

Malama ta duba agogo ta ce, "To, sai mu ƙirƙira." Yaran suka haɗa kai. Wani ya ce a mai da ita ɓarauniya da aka koro daga wata kasuwa. Wata ta ce a ce ta saba ƙwace wa mutane wuri, wannan ne na huɗu. Suka ce ya yi. Nkechi ta miƙe ta fara gwadawa, tana zare ido tana cewa, "Ni ce wadda na sace awon wake a can garinmu, aka kore ni."

Ni fa na san abin da nake yi wa labari. Ina yanke shi, ina ja masa wuya, ina sa masa barkono. Amma shekara talatin da shida ban taɓa cewa matar nan ta ɗauki allurar wani ba. Ga shi za a faɗa a gaban Samaru duka, a bakin yarinyar da ba ta san komai ba, kuma a ce wasan Laraba ne.

Na ce, "Ke, rufe mini baki. Ba ɓarauniya ba ce."

Ban san Malam Bulus yana tsaye a bayanmu ba. Abin da rashin takalmi yake jawowa ke nan. Ya je ya ɗauko kujerar ya ajiye a gabana ya ce, "Mama, bismilla."

Na ce, "Ni ba 'yar wasa ba ce."

Ya ce, "Jiya na ji muryarki."

Na dubi Rahila. Ba ta roƙe ni ba, kallona kawai take yi. Na zauna. Kujerar ma ƙafarta ɗaya ba ta kai ƙasa.

Ya ce, "Sunanki?"

Muryar matar ta zo mini da kanta, don na daɗe ina ari. Na ce, "Maman Emeka. Amma da Maman Obi ake ce mini. Obi ne babba."

"Ina Obi?"

"Huɗu na tafi da su. Emeka kaɗai na dawo da shi."

"Kika tafi ina?"

"Gida. Lokacin da gari ya rikice mana, kafin yaƙin basasa. Muka shiga jirgin ƙasa da abin da hannu ya iya ɗauka."

"Me ya sa da kika dawo sai gindin wannan mangwaron?"

"Wurina ne. Ni na share shi, ni na kafa duwatsun murhun. Laraba amarya ce a gidan da ke kusa, mijinta lebura ne a tashar jirgi. Ko surfen wake ba ta iya ba. Ni na kama hannunta na koya mata buga ƙullu. Ranar da za mu gudu na ba ta kaskona da matsamina, na ce ta riƙe mini wurin kafin in dawo. Ta yi kuka ta ce ko shekara goma ne."

"Shekara nawa kika yi?"

"Huɗu."

"Da kika dawo me kika ce mata?"

"Na ce, Laraba, na dawo. Ta ce inuwa ta Allah ce, ba ta kowa ba."

Malam Bulus ya ce a hankali, "Ita Laraba me ya sa ta yi haka?"

Na tashi daga kujerar na ce, "Wannan ba sai na zauna ba. 'Ya'ya uku gare ni lokacin, ubansu yana kwance da ciwon ƙirji, kaskon nan ne yake ci da mu. Wannan dalili ɗaya. Na biyu kuma, an riga an fara ce mini Laraba mai ƙosai, kuma sunan ya yi mini daɗi. Kada ku cire na biyun."

Nkechi tana hawaye. Na ce, "Ke kuma kukan me? Ita ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta kalli ƙullunta a kwata, ta ɗaure Emeka a baya duk da ya wuce goyo, ta ɗauki murhunta ta tafi a hankali. Gudun nan da kike yi, ni na ƙara shi."

Sauran lokacin aiki suka yi kamar masu gini. Wasu 'yan wasa biyu suka zo suka taya su. Aka sa farkon wasan ya zama koyon suya, mata biyu a kan murhu ɗaya suna dariya. Aka sa tashar jirgi, yaran suka yi ƙarar jirgin da baki da ƙafa. Rahila ba ta yi mini magana ba ko sau ɗaya. Ƙarfe biyar Malam Bulus ya sake kallo, ya tafi da takardarsa, ya dawo ya kira sunaye. Na farko ba mu ba. Na biyu ba mu ba. Ya tsaya shan ruwa, ɗan banza, sannan ya kira mu.

Yaran suka yi ta tsalle. Rahila ba ta yi ba. A hanyar komawa masauki ta jero da ni, muka yi tafiya mai tsawo sannan ta ce, "Kaka, tun ina goye nake jin labarin nan."

Na ce, "Rabi kika ji."

"To gobe yaya zan yi ki?"

"Yadda nake. Kada ki sa ni in yi nadama a dandali, don ranar ban yi ba. Kuma ki gyara ɗaurin nan, ni ban taɓa barin kunnena a waje ba."

Asabar gidan ya cika har bisa katanga. Na zauna kusa da wata mata mai gilashi da jakar hannu, da alama matar wani babba ce. Rahila ta fito. Wallahi ban ga jikata ba, kaina na gani ina da shekara ashirin da 'yan kai, da ƙarfi da rashin kunya. Da aka zo wurin "inuwa ta Allah ce", gidan ya yi gunaguni kamar hadari. Wani daga baya ya ce, "Haba, Laraba!" Da ta kifar da ƙullun babu wanda ya yi dariya. Nkechi ta tsaya tana kallon ƙasa, ta daɗe, ta daɗe har na ji kamar in ce mata ya isa. Sannan ta ɗaure ɗanta ta fita a hankali. Mutane suka miƙe tsaye. Tafin da na zo nema tun daga Jushi, a gabana aka kwashe shi aka ba Maman Emeka.

Mai gilashin ta share ido ta juyo ta ce mini, "Mama, wannan Laraba ba ta da imani."

Na ce, "Ko kaɗan."

"Wai an ce labarin gaske ne. Kin san ta?"

Na ce, "Ɗaki ɗaya muke kwana."

Da aka fito gaisuwa Rahila ta riƙe hannun Nkechi suka rusuna tare. An tafa mata ita ma, tafi mai kyau, irin wanda ake yi wa wanda ya sa ka jin haushi da gwaninta. Ta hango ni ta yi murmushi, kunnenta a rufe yadda na ce.

Dawowa babu labari. Motar ba ta mutu ba, kwandastan ne dai ya sake samun mutum ɗaya.

Yanzu bari in lissafa waɗanda suka ga abin nan na gindin mangwaro da idonsu. Maigidana ya rasu tun kafin a canza kuɗi zuwa naira. Garba mai gyaran keke, wanda ya fi kowa ihu ranar, ya rasu. Asabe da ta yi mini guɗa ta rasu, ƙanwarta ta koma Zabi, ita ma an ce bara ta tafi. Emeka yana nan, ya yi tumbi, yana sayar da kayan mota. Uwarsa tana nan a gidansa a bayan kasuwa, idonta ya yi rauni. Duk shekarun nan na san gidan, na kuma san hanyar da ba ta bi ta ƙofarsa.

Sati biyu da dawowarmu na bi ta ƙofar. Tana zaune a baranda. Na yi sallama, ta karkata kai ta ce, "Wannan muryar Laraba ce, ko kuwa mutuwa ce ta zo da wasa?"

Na zauna ba a ba ni kujera ba. Na gaya mata komai, tun daga motar har zuwa tafin. Na ce na zo ne in ce na yi laifi. Ta ce, "Shekara talatin da shida. Sai da yara suka sa ki a kujera."

Na ce, "Kujerar ma gurguwa."

Ta ce, "Wadda ta yi ni, kyakkyawa ce?"

Na ce, "Ta fi ki."

Ta ce, "Har yanzu ƙarya kike yi."

Na tambaye ta ko ta yafe. Ta ce za ta yi tunani, tunda ni na ɗauki lokacina, ita ma za ta ɗauki nata. Ina zuwa duk ranar Talata in ji ko ta gama. Ba ta gama ba tukuna. Cikin manyan ranar mu biyu muka rage, muna zama a barandar muna musu. Ta ce har gobe hannunta ya fi nawa a ƙosai. Na ba ta gaskiya a kan mangwaro, na ba ta a kan kasko, amma wannan kam, Rahila, rubuta cewa ban yarda ba.